BABI NA UKU: TARIHIN KAMFANIN MOTOWN DA MAWAƘANSA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin tarihin kamfanin buga faifai na Motown, tun daga kafuwarsa a birnin Ditiroyit na ƙasar Amurka a shekarar 1959 har zuwa lokacin da ya bar hannun wanda ya kafa shi a shekarar 1988, tare da ɗan tsokaci a kan abin da ya biyo baya. An zaɓi wannan kamfani ne domin shi ne kamfanin baƙaƙen fata na farko da ya yi ta shigar da waƙoƙin baƙaƙen fata cikin gidajen Turawan Amurka shekara da shekaru ba tare da yankewa ba. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tsarin aikin da ya ɗaukaka Motown shi ne kuma ya riƙa raba shi da mawaƙansa ɗaya bayan ɗaya. Wato kamfani ne ya mallaki suna da waƙa da sutura da ma irin takun mawaƙi a kan dandali, kuma duk wanda ya girma har ya fara tambayar ina kasonsa, to, zamansa ya zo ƙarshe, in ban da mutum biyu da za a yi bayaninsu a gaba.

3.1 Birnin Ditiroyit da Gidan Gordy

Ba za a fahimci Motown ba sai an fara fahimtar garin da ya haife shi. Ditiroyit da ke jihar Mishigan ita ce cibiyar ƙera motoci ta Amurka, shi ya sa ake mata laƙabi da garin mota, kuma daga wannan laƙabi ne a harshen Ingilishi aka gutsuro sunan Motown. A shekarar 1914 kamfanin Ford ya fara biyan ma'aikata dala 5 a yini, kuɗin da ya ninka abin da aka saba biya. Wannan da makamantansa suka jawo baƙaƙen fata daga jihohin kudu, inda talauci da dokokin wariya suka addabe su. A 1910 baƙaƙen fatan garin ba su kai 6,000 ba, amma kafin 1950 sun kai kimanin 300,000. Sun zo da waƙoƙinsu na coci da na gona da na mashaya, 'ya'yansu kuma suka tashi a makarantun gwamnati da ke koyar da kiɗa sosai. Ke nan gari ya cika da matasa masu murya da makaɗa ƙwararru, amma babu wani babban kamfanin faifai da zai ɗauke su, domin manyan kamfanoni suna Niyok da Shikago da Los Anjalas.

Iyayen Berry Gordy suna cikin waɗanda suka yi wannan ƙaura. Sun baro jihar Jojiya a 1922, aka kuma haifi Berry a Ditiroyit ranar 28 ga Nuwamba, 1929, shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas. Gida ne na 'yan kasuwa: uban yana da sana'ar yaɓen gini da kantin kayan masarufi da maɗaba'a, uwar kuma tana harkar inshora. Berry ya bar makaranta ya shiga damben zamani, daga nan aka ɗauke shi soja a 1951 aka tura shi Koriya. Da ya dawo a 1953 sai ya buɗe kantin sayar da faifan kiɗan jaz, wanda shi ne kiɗan da yake so. Mutanen unguwa kuwa ba shi suke nema ba, saboda haka kanti ya karye. Wannan karaya ta koya masa darasin da ya riƙe har ƙarshen aikinsa, wato abin da mai saye yake so shi ake sayarwa. Bayan haka ya kama aiki a masana'antar Lincoln-Mercury ta kamfanin Ford, inda ya ga yadda ƙarfe tsirara yake shiga ta wannan ƙofa, ya bi layin ma'aikata kowa yana ɗaura masa nasa, ya fita ta waccan ƙofa a matsayin sabuwar mota. Shi da kansa ya sha faɗa cewa a nan ya samo tsarin da ya gina kamfaninsa a kai.

3.2 Kafuwar Kamfani

Gordy ya fara shiga harkar ne ta hanyar rubuta waƙoƙi. Shi da 'yar'uwarsa Gwen da Billy Davis suka rubuta wa Jackie Wilson waƙoƙin da suka yi kasuwa a 1957 da 1958, amma abin da ya shigo aljihunsa bai taka kara ya karya ba. A 1957 ya haɗu da wani matashi mai suna William Robinson, wanda aka fi sani da Smokey, jagoran ƙungiyar da ta zama Miracles. Gordy ya shirya musu faifai ya ba wani kamfani na Niyok ya rarraba, da kuɗin kasonsa suka zo sai ya tarar dala 3 ce da santi 19. Robinson ne ya ba shi shawarar cewa tunda haka ne, gara ya kafa nasa.

Gidan Gordy suna da wani asusu na dangi wanda kowa yake zuba dala 10 a wata. Daga wannan asusu ne aka ba shi rancen dala 800 a watan Janairu na 1959, bayan ya sha tambayoyi, musamman daga yayarsa Esther. Da kuɗin ya kafa Tamla, ya fitar da faifan farko na wani mawaƙi Marv Johnson. A cikin shekarar ya sayi wani gida mai lamba 2648 a titin West Grand Boulevard, ya zauna a saman bene da iyalinsa, ƙasa ta zama ofis, wani ɗaki na baya kuma aka mayar da shi wurin ɗaukar murya. A goshin gidan aka kafa allo mai ɗauke da sunan Hitsville U.S.A., ma'ana garin waƙoƙin da ke cin kasuwa. An yi wa kamfanin rajista da sunan Motown Record Corporation a watan Afrilu na 1960.

Nasara ba ta yi jinkiri ba. Waƙar “Shop Around” ta Miracles da ta fito a ƙarshen 1960 ita ce ta farko da kamfanin ya sayar da faifai miliyan ɗaya nata. A Disamba 1961 wasu 'yan mata 'yan makarantar sakandare daga garin Inkster, masu suna Marvelettes, suka kai waƙar “Please Mr. Postman” matsayi na ɗaya a babban jerin mujallar Billboard, wato jerin da ake auna cinikin faifai a duk ƙasar da shi ba tare da la'akari da launin masu saye ba.

3.3 Tsarin Aiki

A nan ne ya kamata a ɗan tsaya, domin wannan tsari shi ne ƙashin bayan tarihin gaba ɗaya.

Da farko dai Gordy ya raba aikin waƙa gida-gida kamar yadda ake raba aikin mota. Akwai marubuta waƙa, akwai masu shirya faifai, akwai makaɗa, akwai mawaƙa, kowa da nasa. Sau da yawa akan gama ɗaukar kiɗa tsaf kafin a san wanda zai hau kai ya rera, wani lokaci ma akan ba mawaƙa biyu ko uku waƙa ɗaya a ga wanda tasa za ta fi. Masu shirya faifai kuma gasa suke yi da juna: wanda ya ba wata ƙungiya waƙar da ta ci kasuwa shi zai ci gaba da riƙe ta, ranar da ya gaza a miƙa wa wani. Ta haka ne Norman Whitfield ya karɓi ƙungiyar Temptations daga hannun Smokey Robinson a 1966, duk da cewa Robinson amini ne ga Gordy kuma mataimakin shugaban kamfani.

Sai kuma sashen tantance inganci, wanda wata mata mai suna Billie Jean Brown ta jagoranta. Kowace Juma'a da safe akan yi taro a saurari sababbin waƙoƙi a kaɗa ƙuri'a a kansu. Gwajin da aka fi tunawa shi ne a tambayi mahalarta: in mutum yana jin yunwa kuma dala ɗaya tak ta rage masa, zai sayi wannan faifai ko zai sayi abinci? Haka kuma akan saurari waƙa ta ƙananan lasifikoki irin na rediyon mota, domin ta nan ne yawancin matasa za su fara jin ta. Wannan ne dalilin da ya sa ake jin bugun ganga da kacau-kacau da tafi a fili ƙwarai a faifan Motown na wancan zamani.

Bugu da ƙari, akwai sashen horar da mawaƙa. Yawancinsu yara ne 'yan unguwannin talakawa, wasu ba su taɓa shiga babban otal ba. Maxine Powell ita ke koya musu yadda ake tafiya da zama da cin abinci da amsa tambayar ɗan jarida, Cholly Atkins yana tsara musu rawa, Maurice King kuma yana gyara musu murya da shirin dandali. Manufar ita ce a fito da mawaƙin da zai iya tsayawa a gaban kowane irin taro, har na manyan Turawa. Wasu manazarta sun zargi kamfanin da wanke baƙaƙen fata domin su yi wa Turawa daɗin kallo, kuma zargin yana da madogara, domin a kan kwalayen wasu faifan farko an guje wa sa hoton mawaƙan. An taɓa sa hoton akwatin wasiƙa a maimakon fuskokin Marvelettes, aka kuma sa hoton wasu Turawa biyu a bakin teku a kwalin faifan Isley Brothers. Sai dai adalci shi ne a tuna da irin ƙasar da ake kasuwancin a cikinta. A rangadin da mawaƙan kamfanin suka yi cikin motar safa zuwa jihohin kudu a 1962, an hana su shiga gidajen abinci da bandakuna, an raba 'yan kallo baƙi da farare a zauren wasa, a birnin Birmingham na jihar Alabama ma har harbin motarsu aka yi. Kamfanin nan dai shi ne ya buga faifan jawabin da Martin Luther King ya yi a Ditiroyit a watan Yuni na 1963. Saboda haka ba daidai ba ne a ce ya juya wa mutanensa baya.

Abu na ƙarshe, wanda kuma shi ne tushen duk rigingimun da suka biyo baya, shi ne batun kuɗi. Gordy ya kafa kamfanin Jobete, wanda ya haɗa sunansa daga sunayen 'ya'yansa uku, domin ya mallaki haƙƙin duk waƙar da aka rubuta a gidan. Ya kuma kafa wani kamfanin, ITMI, wanda shi ne wakilin mawaƙa mai kula da wasanninsu da kuɗinsu. Ke nan wanda ya ɗauki mawaƙi aiki shi ne mai waƙarsa, shi ne kuma wakilin da ya kamata ya tsaya masa wajen ciniki da mai aikin. Kuɗin ɗaukar murya da na sutura da na tafiye-tafiye ana cire su ne daga kason mawaƙi, sunayen ƙungiyoyi da dama kuma mallakar kamfani ne. Muddin yaro yana murnar ya ji muryarsa a rediyo, wannan tsari ba ya damunsa. Matsala tana tasowa ne ranar da ya fara lissafi.

3.4 Makaɗan da Ba a Ambata Ba

Kusan duk waƙar da aka ɗauka a Hitsville tsakanin 1959 da 1972, gungun makaɗa ɗaya ne suka kaɗa ta, waɗanda suka kira kansu Funk Brothers. An tsinto su ne daga gidajen rawa na Ditiroyit inda suke kiɗan jaz. Fitattu daga cikinsu su ne James Jamerson mai jita mai kauri, da Benny Benjamin mai ganguna, da Earl Van Dyke mai fiyano, da masu jita Robert White da Eddie Willis da Joe Messina, sai Jack Ashford mai kacau-kacau. Albashi ko kuɗin zama ake biyan su, ba su da kaso a cinikin faifai, kuma kamfani ba ya son su yi wa wani aiki, ko da yake sukan saci jiki su yi. Har zuwa 1971 ba a rubuta sunayensu a kwalin faifai ba. Mutane a Ingila da sauran ƙasashe suna kwaikwayon salon Jamerson ba tare da sun san sunansa ba. Ya rasu a Los Anjalas a 1983 yana da shekara 47, shaye-shaye sun ci ƙarfinsa, aiki kuma ya yi masa ƙaranci. Sai a 2002 aka yi fim a kan tarihinsu, a 2004 kuma aka ba su lambar girmamawa ta Grammy, lokacin da da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

3.5 Shekarun Ɗaukaka

Tsakanin 1964 da 1967 babu wani kamfani mai girman Motown da ya yi kusa da shi a kasuwar Amurka. Babban dalili shi ne wasu marubuta uku, Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland. Su ne suka ɗauki ƙungiyar Supremes, wato Diana Ross da Mary Wilson da Florence Ballard, 'yan matan da suka tashi a gidajen gwamnati na Brewster-Douglass, waɗanda suka shekara uku a kamfanin ba su yi abin kirki ba har ana musu ba'a. Daga watan Agusta na 1964 zuwa tsakiyar 1965 suka jera waƙoƙi biyar da kowace ta hau matsayi na ɗaya, kafin ƙarshen 1969 kuma adadin ya kai 12. A 1965 suka yi wasa a gidan rawa na Copacabana da ke Niyok, wurin da Gordy ya daɗe yana hanƙoro, domin a ganinsa wanda ya tsaya a nan ya wuce a kira shi mawaƙin baƙaƙen fata kawai. Marubutan nan uku su ne kuma suka ɗaukaka Four Tops da Martha Reeves, wadda ta fara aiki a kamfanin a matsayin sakatariya. A ɓangare guda Robinson ya rubuta wa Temptations waƙar “My Girl” da ta hau matsayi na ɗaya a 1965.

A ƙetare ma haka abin yake. Ƙungiyar Beatles ta Ingila ta sake rera waƙoƙin Motown guda uku a faifanta na biyu a 1963, a 1965 kuma kamfanin EMI ya fara fitar da faifan a Ingila da sunan Tamla Motown. A ƙarshen Disamba 1968 waƙoƙin kamfanin ne suka riƙe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a jerin Billboard a mako guda.

3.6 Ɓaraka

Tun ana tsakiyar wannan nasara ɓaraka ta fara. Mary Wells ita ce tauraruwar kamfanin ta farko. Ta sa hannu a yarjejeniya tana da shekara 17, da ta cika 21 a watan Mayu na 1964, daidai lokacin da waƙarta “My Guy” take matsayi na ɗaya, sai ta ce yarjejeniyar ba ta ɗaure ta ba tunda tana ƙaramar yarinya aka yi, ta koma kamfanin 20th Century Fox. Ba ta sake samun irin waccan kasuwa ba har ta rasu a 1992. Abin da ya same ta ya zama gargaɗi ga saura, ya kuma ƙarfafa ra'ayin da ake da shi a gidan cewa tsari ne ke yin waƙa, mawaƙi kuwa ana iya musanya shi.

An gwada wannan ra'ayi a kan Florence Ballard. Ita ce ta zaɓi sunan Supremes, kuma tana da ƙaƙƙarfar murya, amma tun da aka tsayar da Ross a matsayin jagora sai ta koma 'yar amshi. Ɓacin rai ya kai ta ga shan giya da saɓa alƙawarin wasa. A 1967 aka cire ta aka sa Cindy Birdsong, aka kuma sauya sunan ƙungiyar aka sa na Diana Ross a gaba. Ballard ta kai ƙara daga baya ba ta yi nasara ba, ta rasa gidanta, ta koma karɓar tallafin gwamnati, ta rasu a watan Fabrairu na 1976 tana da shekara 32. A 1968 kuma aka sallami David Ruffin daga Temptations. Gaskiya ne yana da matsalar ƙwaya da girman kai, amma gaskiya ne kuma yana cikin masu neman a buɗe musu littafin lissafi.

A waɗannan wurare kamfani ya musanya mutum ya ci gaba. Inda musanya ta gagara shi ne wajen marubuta. Holland da Dozier da Holland sun nemi a ba su kaso mai tsoka daga ribar da suke ganin su suka kawo, da ba a daidaita ba sai suka janye hannu daga aiki a ƙarshen 1967, suka fice a 1968. Motown ya kai su ƙara yana neman dala miliyan 4, su kuma suka mayar da tasu ƙarar suna neman miliyan 22, aka shafe shekaru ana shari'a, suka kafa nasu kamfanonin Invictus da Hot Wax. Darasin da Gordy ya ɗauka daga wannan abin lura ne. Da ya ɗauki yaran nan 'yan gida ɗaya daga garin Gary na jihar Indiyana, wato Jackson 5, waɗanda waƙoƙinsu huɗu na farko a kamfanin duk suka hau matsayi na ɗaya a 1970, sai aka ɓoye marubutan ukun farko a ƙarƙashin suna ɗaya na gama-gari, The Corporation, domin kada a sake samun marubucin da sunansa zai yi girman da zai yi ciniki da shi. Su ma yaran ba su tsira ba. Da suka nemi izinin rubuta nasu waƙoƙi aka hana su, kasonsu kuma bai kai kashi 3 cikin 100 ba, sai suka koma kamfanin Epic a 1975. Motown ya riƙe sunan Jackson 5, dole suka koma amsa sunan Jacksons, ɗan'uwansu Jermaine kuma, wanda ya auri Hazel 'yar Gordy, ya zauna.

3.7 Marvin Gaye da Stevie Wonder

Mutum biyu ne suka karya tsarin suna ciki. Na farko shi ne Marvin Gaye, surukin gidan, domin ya auri Anna yayar Gordy. Tun kafin rigimarsa ta fito fili an ga alamar cewa taron Juma'a yana iya kuskure, domin an jingine waƙarsa “I Heard It Through the Grapevine” fiye da shekara guda, da aka fitar da ita a 1968 kuwa ta yi mako bakwai a matsayi na ɗaya. Bayan rasuwar abokiyar waƙarsa Tammi Terrell a watan Maris na 1970, da labaran da ƙaninsa Frankie ya kawo daga yaƙin Biyetnam, Gaye ya daina sha'awar waƙoƙin soyayya zalla. Ga kuma tarzomar Ditiroyit ta watan Yuli 1967 da ta ci rayuka 43 ba da nisa da Hitsville ba. Ya shirya waƙar “What's Going On” da kansa, wadda ke magana a kan yaƙi da zaluncin 'yan sanda. Kamfani ya yi ta jan ƙafa, shi kuma ya ƙi ɗaukar komai sai an fitar da ita. Ta fito a Janairu 1971 ta yi kasuwa nan take, babban faifan ya biyo baya a watan Mayu, kuma a kwalinsa ne aka fara rubuta sunayen makaɗan gidan.

Na biyu shi ne Stevie Wonder, makahon yaron da aka ɗauka a 1961 yana da shekara 11, wanda ya hau matsayi na ɗaya a 1963 yana da 13. Da ya cika 21 a watan Mayu na 1971 ya yi abin da Mary Wells ta yi, sai dai shi bai yi gaggawar komawa wani wuri ba. Ya tafi Niyok ya riƙa ɗaukar waƙoƙi da kuɗinsa, sannan ya dawo teburin ciniki da ƙarfinsa. Ya samu ikon shirya faifansa yadda ya ga dama, da ƙarin kaso, da kamfaninsa na haƙƙin waƙa mai suna Black Bull. Faifan da ya fitar tsakanin 1972 da 1976 su ne ƙololuwar aikinsa, uku daga ciki suka ci lambar Grammy ta faifan shekara. A watan Fabrairu na 1977 yana Legas wajen bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, daga can ne ma aka haɗa shi ta tauraron ɗan'adam da bikin Grammy na shekarar. Abin da za a lura da shi a nan shi ne, ayyukan da a yau ake ɗauka su ne mafi daraja a taskar Motown sun fito ne daga mutanen da suka ƙi bin layin harhaɗawa. Sai dai kuma ba a manta cewa a kan wannan layi suka koyi sana'ar ba, Gaye ma da kiɗan ganga ya fara a ɗakin ɗaukar murya.

3.8 Ƙaura da Sayar da Kamfani

Hankalin Gordy ya daɗe da komawa ga fim da talabijin. A watan Yuni na 1972 aka mayar da hedkwatar kamfani Los Anjalas, a shekarar ne kuma fim ɗin Lady Sings the Blues ya fito, wanda ya sa aka zaɓi Diana Ross cikin masu takarar lambar Oscar. Ta fuskar kuɗi kamfani bai faɗi ba, domin da mujallar Black Enterprise ta fara jera manyan kamfanonin baƙaƙen fata a 1973, Motown ne na ɗaya, ya kuma riƙe matsayin kusan shekara goma. Amma abin da ya bambanta shi da saura ya tafi. Yawancin makaɗan an bar su a Ditiroyit, Four Tops suka fice a 1972, Gladys Knight da ƙungiyarta a 1973. Commodores da Lionel Richie da Rick James sun riƙe kasuwa zuwa farkon shekarun 1980, amma a 1981 Ross da kanta ta koma RCA a kan yarjejeniyar dala miliyan 20, Gaye kuma ya koma Columbia a 1982, shekara biyu kafin mahaifinsa ya harbe shi. A bikin cika shekara 25 da aka nuna a talabijin a watan Mayu na 1983, abin da aka fi tunawa shi ne rawar Michael Jackson, a kan waƙar da ba ta Motown ba ce.

A wannan lokaci harkar faifai ta koma hannun 'yan manyan kamfanoni masu hanyoyin rarrabawa, kamfani mai zaman kansa ba ya iya biyan abin da taurari ke nema. A watan Yuni na 1988 Gordy ya sayar da Motown ga MCA da Boston Ventures a kan dala miliyan 61. Shekara biyar bayan haka, lokacin da ƙungiyar Boyz II Men take cin kasuwa, PolyGram ya saye shi a kan miliyan 301, daga 1998 kuma ya faɗa ƙarƙashin Universal. Wonder ne ya fi kowa daɗewa, bai bar sunan Motown ba sai a 2020. Gidan West Grand Boulevard kuwa Esther Gordy Edwards, wadda ta ƙi bin ƙaura, ta mayar da shi gidan tarihi a 1985.

Akwai abu ɗaya da Gordy bai haɗa a cinikin 1988 ba, wato Jobete, rumbun haƙƙin waƙoƙin. Ya riƙe shi har 1997, sannan ya sayar wa EMI rabinsa kawai a kan dala miliyan 132, fiye da ninki biyu na abin da aka biya shi a kan kamfanin faifan gaba ɗaya. Sauran rabin ya ƙarasa sayar da shi a 2004.